Ranar da Kwabo Mai Huda Ya Mutu

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a shagon ɗan maƙwabcina, wata yarinya ta zo sayen ashana, sai dala ta suɓuce daga hannunta ta faɗi kan siminti. Ka san ƙarar nan da ƙaramin kuɗi ke yi, ya yi ta juyi yana kuka kafin ya kwanta. Mu biyar ne a wurin, kowa ya ji, ba wanda ya sunkuya. Ita kanta yarinyar ta dube ta kamar ƙwallon magarya, ta ɗauki ashanarta ta tafi. Rediyon mai shago kuwa, kamar an aiko ta, a daidai lokacin ake gardama a cikinta: wai ko a bar dala da dala biyu su ci gaba da yawo, ko a tattara su a huta, tun da abin da ake kashewa wajen ƙera su ya fi abin da suke iya saye. Mai shago ya ce, "Baba, kai da ka yi lakwal, mi ka gani?"

To, tun da an taɓo ilimina, bari in fara gaya maka iyakarsa, kada ka raina ni kuma kada ka ji tsoro. Damina biyu da rani ɗaya na yi a lakwal, wato makarantar boko, ta Madawa. Na koyi kalkil, wato lissafi, har zuwa rabawa, amma rabawar ba mu gama ba. Na koyi waƙa ɗaya da har yau ban san ma'anarta ba, na kuma san bulalar mushe, malaminmu, ciki da waje. Daga nan na yi zazzaɓi aka maido ni gida, aka manta a koma ɗaukata, ni kuma ban tuna musu ba. Da wannan ilimi ne zan amsa tambayar, kuma tun yanzu ina shaida maka cewa a ruɗe nake, yau shekara sittin da wani abu.

Garinmu yana kan dutse, kusa da Allakaye, inda in ka yi tuntuɓe ba ka tambayar da me. A gidanmu akwai kakata, mahaifiyar babana, ƴar gajeruwa mai ƙashin hannu kamar muciya. Sana'arta daudawar batso. Idan lokacin kaka ya yi, ta sayi ƴaƴan yakuwa, ta dafa su yini guda, ta daka da ruwan toka, ta rufe a tukunya har su yi abin da suke yi, sannan ta cura ta shanya a kan rufin ɗaki. Duk baƙon da ya tambayi gidanmu ba a yi masa kwatance, a ce ya bi hancinsa. Curi ɗaya kwabo ɗaya, kuma curi ɗaya miyar yini ɗaya ce.

Kwabon nan na Faransa ne, fari, da huda a tsakiya. Goma suke tamma ɗaya, tamma biyar kuma dala. Wato in ka ga dala tana kwance kan siminti yau, a idon kakata curin daudawa hamsin ne aka zubar. Ita ba ta ƙirga kuɗi. Zura su take a igiyar kaba ta auna da hannu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamar yadda ake auna tufa. In igiya ta kai kamu ɗaya ta ɗaure bakinta ta jefa cikin wata tukunya a ƙarƙashin gado. A ƙasan tukunyar kuma akwai wuri, farare, masu yawa, waɗanda ta tara tun tana da ƙarfi, kafin a wayi gari a ce wuri ba kuɗi ba ne. Ba ta zubar da su ba. Takan ce su ne mamatanta na farko.

Abin da take tara kuɗin dominsa kowa ya sani, don ba ta ɓoye ba: likkafaninta. A wata shekarar yunwa, tun ba a haifi babana ba, ta ga an naɗe mahaifiyarta a guntuwar tabarma, ƙafafu a waje. Tun ranar ta yi wa kanta alkawari. Babana ya sha ce mata ta bar wannan wahala, shi yana raye. Sai ta ce, "Wanda yas saya maka likkahwani ya hwara ƙidaya maka kwana. Bar ni in sayi abina." Da hannunta na riƙe mazari da ta kaɗa zarenta da kanta, amma yatsun sun ƙage, daka kawai suke iyawa.

Shekarar da aka maido ni daga lakwal, Turawa suna can suna yaƙi a ƙasarsu, mu kuma muna nan muna biyan abin da ba mu ci ba. An rufe hanyar ƙasar Ingilishi da ke kudu da mu, tufa ta yi wuya, har manya suna fita da walki. A cikin haka magana ta fara yawo cewa kwabo mai huda ya mutu. Kada ka tambaye ni wa ya ba da umurni. Wani ya ce an yi shela a Buza, inda Kumandan, Baturen mulki, yake zaune, wani ya ce shi yana Buza ranar bai ji komai ba. Abin da aka tabbatar shi ne, masu karɓar lanho, wato haraji, sun ture su gefe da sanda. Mai gishiri ya karɓa ranar wata kasuwa, kasuwa ta gaba ya ƙi. Mai goro yana karɓa da safe, ya ƙi da yamma. Mutum yana tafe da kuɗi a aljihu bai san ko mai kuɗi ne shi ba.

Kaka ta ce in ɗaura wa jaki akumari, za mu kasuwar Tamaske. Igiya uku gare ta a lokacin. Ni ta zaɓa saboda na yi lakwal, kuma saboda ni ne mijinta na wasa, in an cuce ta a samu wanda za ta zaga. Muka sauka dutse da sanyin safiya, karan dawa a tsaye an yanke kawunan, ƙanshin albasa yana tasowa daga fadama. Ita a kan jaki, ni a ƙasa, ina tafe ina maimaita kalkil da ƙarfi don mutanen hanya su san da wa suke gaisawa.

A kasuwa mutum ɗaya muka samu da farin ƙyalle, yana zaune a kansa kamar kaza kan ƙwai. Kaka ta kwance zani ta ajiye igiyoyinta uku a gabansa. Bai ma taɓa ba. Ya ce da ita, "Inna, waɗanga sun ƙare." Ya dube ni, ya ga guntun wandon lakwal, ya ce in yi mata bayani. Ni kuwa na gyara tsayuwa, na ɗaga murya yadda rumfa uku za su ji, na ce, "Kaka, hini, sun ƙare. Kumandan ya kashe su." Ban san ko Kumandan ya san da zamansu ba ma. Amma kalmar ta yi mini daɗi a baki.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Wa yag ga gawar?"

Ta ɗaga igiya ɗaya ta kaɗa mini a fuska, ta ci gaba.

"Yaushe anka yi musu salla? Ga su nan, hudarsu na nan, nauyinsu na nan. Jiya na ba da daudawa na amshe su. Daudawar ma ta mutu?"

A lakwal ba a koya mana wannan ba. Muka juyo. Duk tsawon hanya igiyoyin na kaɗawa a cinyarta in jaki ya yi tuntuɓe. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma abin da ya fi damuna, ban san kunyar me nake ji ba.

Kwana uku ba ta fitar da faifan daudawa ba. Nan ne garin ya gane abin da ya same shi. Ƙaramin kuɗin da ya rage mai rai shi ne rabin tamma, curi biyar ke nan, kuma wace mace ce mijinta ke ba ta rabin tamma na miya? Mata suka fara zuwa da tafin gero don musaya. Sai rigima: tafin wannan ƙarami ne, geron waccan da tsakuwa, waccan kuma daga rumbun miji ta ɗebo bai sani ba. Miyar gari ta yi lami. Har liman sai da ya rame.

Rana ta huɗu da safe Kaka ta fitar da faifai ta zauna a ƙofar gida, ta ce da matar farko da ta leƙo, "Kawo kwabonki. Ni ina amsa."

Babana ya riƙe kai. Ni na share ƙasa na zana masa kalkil da tsinke: in tana ba da daudawa tana karɓar abin da ba ya sayen komai, kafin damina ta sauka ba ta da daudawa, ba ta da ƴaƴan yakuwa, sai tarin ƙarfe. Kalkil ɗin daidai yake, har yau ina tsaye a kansa. Kaka ta zo wucewa da tukunya ta taka shi.

Da la'asar ta ce in ɗauko igiya ɗaya in biyo ta. Muka je gindin gawo inda masaƙin garinmu ke kafa zarensa. Dattijo ne mai gidan mutum goma sha, taubashinta ne kuma, don haka ba sa gaisawa sai da zagi.

"Bawana, zugu ukku nika so, hwari, mai kauri. Ba irin wanda kaka yi ma mutane ana hangen rana ta ciki ba."

"Ke da mutuwa ta manta da ke, mi za ki yi da zugu?" Ya ga igiyar a hannuna ya yi dariya. "Da mushen kuɗɗi za ki biya ni?"

"Gidanka ana miya?"

"Ana yi."

"Da mi matanka ka sayen daudawa?"

Ya dakatar da ƙoshiyar saƙa. Ya daɗe yana kallon igiyar, yana motsa baki. Can ya ce zai karɓi igiya ɗaya a kan zugu ɗaya, amma ba zai karɓi ta biyu ba sai ya ga ta farko ta koma hannunta kwabo-kwabo. Ta ce ta yarda, in dai ba zai mutu ya bar aiki a marin saƙa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ruɗa ni. Masaƙi ya ba matansa kwabo suna sayen daudawa, wannan na gane. Amma kamu guda na kwabo ya fi ƙarfin miyar gida ɗaya, sai ya fara biyan masu kaɗa masa zare da su. Suka karɓa, don tsohuwa na amsa. Wanzami ya karɓa a wurin aski, don matarsa na miya. Bafillatanar da ke kawo nono ta juya kwabo a tafinta ta tambaya, "Mai batso na amsa?" aka ce e, ta zuba ludayi. Yara suka koma sayen ƙuli-ƙuli. Da ka sauka dutsenmu, kwabon nan ko akuya ba za ta shinshina shi ba. Da ka hau, kuɗi ne. Wato iyakar ƙasar kuɗin ita ce iyakar inda warin daudawar Kaka ke kaiwa.

Wata rana wani mai wayo daga wajen Keita ya ji labari. Ya bi kasuwanni ya tattara matattun kwabbai kusan kyauta, ya zo da su cike da burgami, ya ce a juye masa faifai duka. Na ce a raina, yau kalkil ɗina zai fito. Kaka ta zaro kwabo ɗaya daga burgamin ta miƙa masa curi ɗaya.

Ya ce, "Duka nika so, Inna."

"Tukunya nawa matarka ka ɗorawa? Kwabo na miyar yau ne. Gobe in kana gari ka komo."

Ya koma da burgaminsa, jakinsa yana nishi.

Zugu na farko ya zo da sanyi, na biyu ya zo da bazara. Ta auna su da hannunta, ta zagi masaƙi, ta naɗe ta sa a tukunya a kan wuri. Ni kuma dare da rana kaina yana aiki. Wata rana na tare ta na ce, "Matata, an cuce ki. Kin ba masaƙi kuɗi, kin kuma ba matansa daudawa. Sau biyu kika biya." Ta buɗe tukunya ta nuna mini. "Ga zugu. Ga kuɗɗina sun komo. Masaƙi ya sha miya. Nuna min wanda anka cuta in ba shi haƙuri." Na sake sharar ƙasa. Na tara, na ɗebe, har na gwada rabawar da ba mu gama ba. Kowane lokaci amsa daban take fitowa.

Da damina ta sauka, an ba masaƙi igiya ta uku, ya kafa zare, sai Kaka ta kwanta. Tari ne da zazzaɓi, har aka fara yi mata magana a hankali, abin da ta fi tsana. Faifai ya daina fita. Kwana biyar kacal, sai Bafillatana ta ƙi karɓar kwabo. Wanzami ya ce a ba shi gero. Masu kaɗi suka mayar wa masaƙi da nasu suka riƙe zarensu. Na je gindin gawo na tarar da zugu na uku rabi a mari, masaƙi yana zaune yana kallonsa. Ba zagi ranar. Ya ce, "Yaro, ba ƙi na yi ba. Babu zare. Kowa na jiran ya ga ko za ta tashi."

Na gaya mata, don ba a ɓoye mata magana. Zugu biyu ba sa rufe mace yadda ya kamata. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki. Mahaifiyata tana gona da sauran gida, lokacin noman farko ne, ba hannun da za a rage. Sai ta juyo da kai ta ce, "Kai da kak kashe su a Tamaske, tashi ka hura wuta."

Haka ɗan lakwal ya zama mai daudawa. Tana kwance tana ba da umurni ta ƙofa, ni ina dafawa, ina daka, ina tace toka. Na farko ya ƙone, ta ce ko kare ba shi ci. Na biyu ya yi. Na ɗauki faifai na zauna a ƙofar gida da guntun wandona na lakwal. Matar farko ta zo ta tsaya nesa, tana juya kwabo a hannu, ta ce, "Kai ma kana amsa?" Ka tuna, ni ne na yi shelar mutuwarsa a gaban rumfa uku. Na miƙa hannu na ce ina amsa.

Abokaina suka sa mini suna Mushe Batso, sunan ya bi ni har na yi aure. Warin kuma ya fi sunan naci. Amma kafin sati ya zagayo Bafillatana ta koma zuba ludayi, masu kaɗi suka saki zare, na ji ƙoshiya tana ƙara a gindin gawo. Ranar da masaƙi ya kawo zugu na uku da kansa, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "To ga shi, sai ki tahi ki ba mutane wuri." Ta sa aka tayar da ita zaune, ta auna da hannu, ta ce ya rage rabin kamu, ɓarawo. Daga ranar ta fara shan fura. Ta ƙara damina uku a duniya, kowace bazara tana fitar da zugunta ta shanya don gara, tana kaɗe su kamar kayan amarya.

Ta rasu da kaka, da hantsi, yakuwa ta nuna a bayan gida. Zugu uku suka rufe ta ruf, har da saura. Na ga ƙafafun da idona, a rufe suke. Bayan sadakar bakwai wata mata ta zo ƙofar gida da kwabo. Mahaifiyata ta ce ita ba ta iya daudawa ba, ni kuma lokacin an fara maganar tafiyata ci-rani. Matar ta dubi kwabon, ta miƙa wa wani yaro da ke wasa a ƙasa. Kafin wata ya mutu yara suna yi wa motar kara ƙafa da su. Ba shela, ba Kumandan. In ana neman ranar da kwabo mai huda ya mutu a garinmu, ni na ga gawar.

Duk wannan ban gaya wa mai shago ba, don matasan yanzu in labari ya wuce tsawon shan shayi sai su fara duba waya. Na dai dafa sanda na sunkuya, bayana ya yi ƙarar da ta fi ta dalar, na ɗauke ta. Ya ce, "Baba, bar ta, ba ta sayen komi." Na ce shi zai karɓa? Ya ce sai in ta zo da ƴan'uwanta huɗu.

Na sa ta a aljihu na bi bakin kasuwa. Mai ƙosai ta ƙi, mai goro ya yi dariya. Can ƙarshen layi, wajen da rumfuna suka ƙare, wata tsohuwa na zaune da faifan daudawa, ƙuda sun fi masu saye yawa. Na miƙa mata. Ta kai dalar kusa da ido, ta juya ta, ta dube ni, sannan ta gutsuro ɗan abin da bai kai kan yatsa ba ta ɗora mini a tafi. Ta ce, "Na miyar mutum guda ne."

Masu rediyo sun ce sun yi lissafi, kuma na yarda da su, don ni ma nawa lissafin daidai yake ranar da aka taka shi. Na dawo gida da gutsuren a aljihu, jikokina suna toshe hanci suna cewa tsoho ya fara ruɓewa. Gobe in Allah ya kai mu zan koma shagon in zauna kusa da siminti. Wata dalar za ta faɗi, kuma na san inda ake amsa.